Kambun Barmo da Birnin Gindin Randa

A garin Rafin Kanya an yi wani ɗan kokawa mai suna Nomau, wanda ya taɓa jin kiɗan kokawa yana fitowa daga cikin kan 'yarsa. Masu musun wannan labari suna da yawa, ni kuwa ban hana kowa musu ba. Amma duk wanda ya san Nomau ya san ba ya ƙarya, don bai taɓa haɗuwa da mutumin da zai ji tsoro har ya yi masa ƙarya ba.

Makaɗa suna kiransa Awartaki, mai kamun da ba saki. A damtsensa na hagu akwai kambun fata baƙi ƙirin, cike da saiwoyi, wanda ya gada daga ubansa Barmo. Da Barmo zai bar duniya ya ɗaura masa shi da hannunsa, ya ce kada ya cire, kada ya wanke, kada ya shanya, don ƙarfin gidansu a ciki yake. Nomau ya riƙe wannan magana da gaske. Ko wanka yake sai ya ɗaga hannun hagu sama kamar mai rantsuwa. Haka 'yan kokawa suke, ka zagi ɗayansu ya yi dariya, amma ka kawo sabulu kusa da kayan tsarinsa ka ga tashin hankali. A ƙarƙashin kambun akwai wani zagaye fari-fari mai ƙaiƙayi, irin wanda Barmo ma yake da shi a nan wurin, kuma a gidan ana kiransa zoben gida.

Nomau yana da 'ya guda, Tasalla, wadda ba ta barcin rana sai ta yi matashi da damtsen ubanta. Da damina ta kankama sai makero ya fito mata a tsakiyar kai. Gashi ya kakkarye, wurin ya kumbura ya fara ruwa, uwaye suka hana 'ya'yansu wasa da ita. Uwarta Hansai ta kai ta asibiti aka ba ta magani na sha da na shafawa. Ciwon ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo. Yarinyar da a da ake jin dariyarta har bakin rijiya ta koma zaman lungu da ɗankwali har goshi.

Hansai ta ce, "Baban Tasalla, malamin asibiti ya ce a duba ko akwai mai irin wannan abu a gidan nan."

Nomau ya ce, "To a duba mana."

Ta dubi damtsensa. Ya ce, "Zoben gida ba ciwo ba ne. Ki bar wannan maganar."

Wata rana da azahar yana kishingiɗe a inuwa, Tasalla tana barci a hannunsa, sai ya ji ganga. Ya saurara gabas, ya saurara yamma, babu inda ake biki. Ya zame ɗankwalin 'yarsa ya kara kunne, ashe daga cikin zagayen makeron nan kiɗan yake fitowa, kiɗan kokawa sosai, har da guɗa.

Wata 'yar murya ta ce, "Wane ne yake leƙen fagenmu bai yi sallama ba?"

Nomau ya ce, "Uban mai kan da kuka kafa fagen a kai. Wa ya ba ku wannan fili?"

"Ya kai ɗan Adam, mu ba a ba mu fili, kamawa muke yi. Sarkinmu Makero ɗan Laima ne, mai kamun da ba saki."

Jin kirarinsa a bakin wani ya fi komai ɓata wa Nomau rai. Ya ce, "Ka gaya wa sarkinku Awartaki yana neman sa a fage."

Muryar ta ce, "An ji. In ka kayar da shi, mu tashi daga kan yarinyar. In ya kayar da kai, kan namu ne har ta yi furfura, in gashin ya saura. Ƙofar ƙasarmu tana gindin randar gidanka."

Nomau ya kwantar da Tasalla a tabarma, ya je ya rungumi randa ya kawar. A inda ƙasa take jiƙe kullum sai ga rami da matakala. Hansai ta fito daga ɗaki ta gan shi ya zura ƙafa.

"Ina za ka?"

"Kokawa. Kada ki fasa ba ta maganinta."

Ya yi ta sauka, matakalar tana ƙara faɗi, shi kuma yana ƙanƙancewa, har ya fito wani fili mai zafi wanda ƙura ta cika sararinsa. Da ya duba da kyau ya ga ba ƙura ba ce, wasu halittu ne ƙanana dunƙulallu, ba hannu ba ƙafa, idanunsu a rufe. Wata tsohuwa tana zaune da faifai tana sheƙa su cikin iska.

Ya ce, "Sannu da aiki, Iya."

Ta ce, "Sannu, ɗan Adam mai ladabi. Ni ce Uwar Ƙura, waɗannan jikokina ne. Ba su da ƙafa, amma babu gidan da ba su shiga ba. Matsefi yana kai su, askar wanzami tana kai su, hula da tsumma da jikin kyanwa duk dawakinsu ne. Sukan shekara suna barci ba su ci ba su sha ba. Ɗumi da laima kaɗai ke tashe su. Hanyarka ta ratsa wannan fili, in ka isa ka wuce."

Nomau ya hango wasu mutane tsaye a tsakiyar filin, sun yi fari fat daga kai har ƙafa, babu mai motsi. Dukkansu ƙafa ɗaya a gaba, alamar gudu suke abin ya same su. Nan ya gane cewa mai gudu zai yi gumi, gumin kuwa shi ne zai tashi masu barci. Sai ya tuɓe riga, ya buɗa hannuwa nesa da jikinsa, ya kama tafiya irin ta hawainiya. Mutumin da bai taɓa shiga fage sai da tsalle ba, ga shi yana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron taka ƙwai. 'Yan ƙurar suna sauka a kafaɗarsa da ƙirjinsa, su tarar da fata a bushe, su mirgina su faɗi. Sannu ba ta hana zuwa, har ya kai gaɓar filin. Damtsensa na hagu kaɗai ya yi nauyi, don a can suka taru suka buɗe ido.

Uwar Ƙura ta ɗaga murya daga nesa ta ce, "Ka wuce, amma ka tafi da mutanena."

Ya ce, "Su zo su ga yadda ake kayar da sarki."

Daga nan ya shiga wata maƙera da ba a ganin ƙarshenta. Zugazugai suna huci, amma maimakon wuta tururi suke fitarwa. Maƙeran ba fartanya suke ƙerawa ba, hannaye suke ƙerawa, ƙanana masu ƙugiya, suna liƙa wa 'yan ƙurar da suka farka. Sarkin Maƙeran ya taso, wani gajere mai yatsu da yawa, ya zagaya da baƙonsa cikin alfahari, don maƙeri ko na aljanu ne yana son a yaba aikinsa.

Ya ce, "Ku mutane kuna zaton jikinku sumul yake. A wurinmu duk ramuka ne da maƙalai. Wannan hannun na gashi ne, ba ya kama komai sai gashi. Wannan na farce ne. Wannan na tsakanin yatsun ƙafa, na masu wuni cikin ruwa. Wannan mai laushin na bakin jariri ne. Kowane hannu da raminsa, in ya shiga ya zauna daram."

Nomau ya ce, "To me ya hana ku kama kowa da kowa?"

Sarkin Maƙera ya ɓata fuska. "Fatarku muguwa ce. Kullum tana zubar da tsohon bayanta, in ba mu yi sauri ba mu zube tare da shi. Ga wanka, ga rana. Sai in ta jiƙe ta yi laushi, ko mai ita ya sosa ta da farce ta buɗe, sannan hannunmu ke kaiwa ciki."

"Wato sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"Ka faɗi gaskiya. Yanzu kuma ga hannuna, mu gaisa kafin ka wuce. A ƙasarmu wanda ya ƙi gaisuwa ba ya fita maƙera."

Ya miƙo hannu, yatsun suna motsi kowanne da ƙugiyarsa. Tafin Nomau kuwa duk kanta ce da tsaga saboda riƙon fartanya, kuma ya ga idon maƙerin a kan tsagar yake. Ƙin gaisuwa rashin mutunci ne, karɓa kuma halaka. Sai Nomau ya dunƙule hannun dama, ya ɗaga shi ya jinjina, ya ɗan rusuna.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu ba a ba sarki hannu. Jinjina ake masa."

Maƙeran suka ajiye guduma suna kallon shugabansu. Babu wanda ya taɓa kiransa sarki da irin wannan girmamawa, sai daɗi ya kama shi har ya manta da abin da ya yi niyya. Ya sa aka buɗe wa baƙo ƙofa.

Bayan ƙofar daji ne, amma ba na itatuwa ba. Fararen zaruruwa ne tsaye da kwance, kowanne kansa ya nutse cikin ƙasa yana tsotsa. Ƙasar tana da ɗumi, tana bugawa a hankali a ƙarƙashin sawunsa, ga kututturan baƙaƙen ginshiƙai a kakkarye ko'ina. Nomau ya tsaya ya dubi kututturan, ya gane gashin 'yarsa ne, a kan Tasalla yake tafiya. Tausayi ya kama shi, fushi ya biyo baya. Ya ga yadda aikin yake: duk ɗan ƙurar da ya samu kamu sai ya miƙe ya zama zare, ya huda ƙasa, ya yi rassa, rassan su fita waje-waje suna faɗaɗa zagaye. Wasu mata kuma suna saƙa zaruruwan suna shafe su da yauƙi, suna yin rumfuna.

Zaruruwa suka naɗe masa idon sawu. Ya tsinke goma, ɗari suka zo. Suka kai gwiwa, suka kai ƙugu. Yana cikin wannan hali sai sama ta yi duhu, aka tsuge da wani ruwa mai kauri mai ɗaci. Nomau ya shaƙi warinsa ya yi dariya, don ya san shi, maganin da Hansai ke shafa wa yarinya ne. Daga ƙasa ma wani ɗacin ya ɓuɓɓugo, na maganin sha. Zaruruwa suka yi laushi suka zube, ya zare ƙafafunsa. Waɗanda ke ƙarƙashin rumfa sun ɗan daɗe suna jurewa, daga baya rumfunan ma suka fara yoyo.

Ya ce a ransa ai an gama. Bai rufe baki ba sai ga runduna sabuwa tana tahowa a jere, kowa da hannayensa sababbi fil, suna maye gurbin matattu. Nomau ya bi sawunsu ya ga daga ina suke fitowa, har ya isa gindin wata ganuwa baƙa mai tsawo, wadda ruwan maganin bai ko ɗiga a kanta ba.

Ya dafa ganuwar ya ji fata ce. Ya ɗaga kai ya ga ɗinki da jar tsirkiya, ga wani ƙulli mai kai biyu wanda mutum ɗaya kaɗai ya sani yana yin irinsa, wato Barmo. Warin wurin kuwa warin gumin ubansa ne gauraye da nasa. Ya dubi damtsensa, ya dubi ganuwar. Birnin nan dai kambunsa ne, kuma daga nan ake aika runduna kan Tasalla duk ranar da ta yi matashi da hannunsa.

Ƙofa ta buɗe, ganguna suka tashi. A tsakiyar fage wani siriri yake tsaye, fari fat, mai ƙaramin ƙirji, wanda in a Rafin Kanya ne ko riƙon takalma ba za a ba shi ba. Ya rusuna har ƙasa.

"Maraba da mai masaukinmu. Ni ne Makero ɗan Laima. Na zaga gidajen 'yan Adam da yawa, ban ga masu karamci kamar gidan Barmo ba. Kun ba mu ɗaki mai duhu, kuna shayar da mu gumi safe da yamma, kun hana ruwa da rana su dame mu. Har suna kuka raɗa mana."

Nomau ya ce, "Baƙo raɓa ne, ranka ya daɗe. Ku kun wuce lokacinku, har kun taɓa abin da ba a taɓawa."

"Da ɗan gari akan ci gari. Kai ka kai mu kanta, mu ba mu da ƙafa."

Maganar ta soki Nomau don gaskiya ce, amma bai zo nan don ya sunkuyar da kai ba. Ya ce, "A buga ganga."

Suka zagaya juna. Nomau ya kai kamu ya cafke ƙugun sarkin, ya ɗaga shi cak, ba shi da nauyin ko ɗan akuya. Ya wurga shi ƙasa. Sarkin bai faɗi ba, don hannunsa yana maƙale a kambun Nomau, ya lilo ya dawo ya tsaya da ƙafafunsa. Nomau ya taɗe shi, ya murɗe shi, ya juya shi ta bayan wuya, duk dabarar da Barmo ya koya masa ya gwada. Kowane jifa sai sarkin ya lilo ya dawo. Gumi ya karyo wa Nomau, yana gangara cikin kambu, sarkin yana ƙara kauri da nauyi. Zare ya fara fitowa daga yatsunsa yana shiga naman damtsen. Gwiwar Nomau ta fara lanƙwasa, abin da ba a taɓa gani ba.

Sarkin ya ce a kunnensa, "Ƙara ƙarfi, ɗan Barmo. Duk abin da ka zubar ni nake sha."

Nomau ya daina ja. Ya dubi ƙullin nan mai kai biyu, ya tuna ranar da ubansa ya ƙulla shi da hannunsa. Ya ji baƙin ciki ƙwarai, don abin da ya rage masa na Barmo ke nan a duniya. Ya tuna kuma Barmo ya taɓa ratsa cikakken rafi ɗauke da ɗansa a wuya don kada yaron ya jiƙe, kuma mutumin da ya yi haka ba zai zaɓi fata a kan jikarsa ba.

Ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Sarkin ya gane abin da ke shirin faruwa, muryarsa ta canza. "Ya kai ɗan Adam, yi tunani. In ka cire shi, yaro ma zai kayar da kai. Wa zai ƙara kiranka Awartaki?"

Nomau ya ce, "Kambu bai taɓa yin noma ba, ni na yi. Bai taɓa ɗaga ƙato ba, ni na ɗaga."

Ya kai baki ya datse tsirkiyar da haƙori. Kambun ya zame, hannun sarkin ya zame tare da shi, don kamunsa duka a nan yake. Kafin ya lalubi wani maƙali Nomau ya sure shi ya maka bayansa da ƙasa. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ganguna suka yi tsit, ganuwa ta tsage daga sama har ƙasa, haske ya shigo, mutanen birnin suka yi ta ƙanƙancewa suna komawa ƙura.

Sarkin yana kwance ya ce, "Ka kayar da ni, mun tashi. Amma ka sani ba ma mutuwa, barci muke. Duk inda aka bar mana ɗumi da laima za mu farka."

Nomau ya ce, "Na ji. Ku nemi wani mai masaukin."

Ya fito daga gindin randa rana tana nan inda ya bar ta, kambu a hannunsa. Hansai tana tsugune tana shafa wa Tasalla magani. Ta ga damtsen mijinta tsirara, ga zoben gida ja wur a fili. Nomau ya wuce murhu ya jefa kambun cikin wuta, ya tsaya a kansa har ya zama toka, idanunsa suna hawaye, ya ce hayaƙi ne. Sannan ya dawo ya tsuguna kusa da 'yarsa ya miƙa wa matarsa hannun hagu.

"In akwai saura, shafa mini. Gobe kuma tare za mu je wurin malamin nan."

A ranar Hansai ta tafasa ɗankwali da matsefi da zanen kwanciya, ta baza tabarmi a rana, Nomau ya mayar da randa kan duwatsu don iska ta riƙa ratsa gindinta. Wannan karon magani ya kama, ciwo ya tafi bai dawo ba.

Da kaka ta yi aka buɗe fagen kokawa a Rafin Kanya. Labari ya riga ya bazu cewa Awartaki ba shi da kambu, don haka ƙarti suka zo daga garuruwa kowa yana son ya zama na farkon da zai kai shi ƙasa. Wani ƙato mai suna Cindo, jikinsa duk layu da guraye, ya shigo fage ya dubi damtsen Nomau ya yi murmushi.

"Ɗan Barmo, ina kambun?"

Nomau ya juya ya nuna bakin fage, inda Tasalla take zaune a cinyar uwarta kai ba ɗankwali, tana cin gyaɗa.

Ya ce, "Ga shi can, an yi masa kitso."

Sannan ya tofa yawu a tafinsa, ya ce wa makaɗi ya buga.